Ranar da Aka Ɗaure Kugen Madawaki

A shekara ta tara da hawan Sarki Mayana gadon Gawasa, aka wayi gari zuman da ke cikin tsamiyar Ƙofar Yamma sun tashi gaba ɗaya sun haye kogi. Tsofaffi suka ce ba lafiya ba. Kafin hantsi ya yi zafi manzo ya shigo a kan doki mai kumfa a baki, ya ce Ciroma Bagudu, wan sarki, ya kafa sansani a tsallaken kogi da mutum dubu huɗu.

Ba wanda ya tambayi abin da ya kawo shi. Da ubansu ya rasu, shi da ƙanensa sun yi jayayyar sarauta, aka kai gaban alƙali. Alƙali ya duba wasiyya, ya saurari shaidu, ya ba Mayana. Ciroma ya ce bai ji ba. Ya fita da dawakinsa, ya yi shekara tara yana tara mutane a ƙasashen yamma. Yanzu ya dawo.

Madawaki Ƙosau, shugaban mayaƙan Gawasa, ya ji labarin yana zaune a zaurensa. A da, kafin manzo ya gama sauka daga doki, ya sa an buga kuge. Kugen nan ƙarfe ne mai baki biyu, tsawonsa kamu guda, kuma shi ne ran rundunar Gawasa. Tun zamanin kakan sarki, da wani ɗan sarki ya tara mayaƙa da raɗa ya ƙone fada, aka sa kowane barde da kowane ɗan baka ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ɗauki makami ba sai ya ji kugen Madawaki. Ko sarki ne ya kira da bakinsa, ba za su fito ba.

Ƙosau ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke bango. Babu komai a kanta. Yau kwana arba'in kugen na rataye a zauren alƙali, an cusa masa auduga a baki, an naɗe shi da igiyar rama.

Mari ɗaya ne ya jawo.

Ranar kasuwa ya kai takobinsa gyara wurin Nomau maƙeri. Ya tarar da garmar wani manomi a wuta. Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, jira in gama garmar nan, ƙarfe in ya huce sai an sake zuga." Ƙosau ya ɗauke shi da mari a gaban 'ya'yansa da 'yan kasuwa, ya jefar da takobin a maƙera ya tafi. Nomau ya kai ƙara. Alƙali Malam Ɗahiru ya yanke ƙisasi: mari da mari, a bainar jama'a kamar yadda aka yi na farko, sai fa in mai haƙƙi ya yafe. Nomau bai yafe ba. Sau uku muhuti, mai taimaka wa alƙali da kai saƙonsa, ya zo da kandiri ya tsaya a ƙofar Madawaki. Na farko aka ce ba ya nan. Na biyu aka ce yana barci. Na uku Ƙosau ya fito da kansa ya ce, "Gaya wa Malam, kuncin da mashi bai taɓa ba, hannun gawayi ba zai taɓa shi ba."

Dokar Gawasa kuwa a fili take. Wanda ya ƙi hukunci sau uku, a ɗaure alamar sarautarsa a zauren alƙali, kuma maganarsa ta faɗi: ba a karɓar shaidarsa, ba a jin shawararsa a fada, har sai ya biya. Ƙosau ya yi dariya ranar da suka zo ɗaukar kugen. Ya ce za su dawo masa da shi da kansu ran da suka ji ƙarar kofato.

To, ga ƙarar kofaton. Ba wanda ya zo.

Da ya isa fada, dogarai ba su yi masa kirarinsa na Goje ba. Shimfiɗarsa ta hannun daman sarki an naɗe ta. Sarkin Dogarai ya nuna masa bakin ƙofa, inda ake ajiye takalma. Nan ya zauna, tsakanin takalmin Galadima da na Liman.

Galadima ne ya fara magana, tsoho mai murya kamar ganga. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, Allah ya ba ka nasara. Dogarai ɗari biyu muke da su a ƙofofi. Ɗari biyu! A unguwanni da ƙauyuka akwai maza dubu shida, dawakinsu da sirdi, takubbansu a kube, suna zaune suna kallon sama saboda igiya guda. Gida na cin wuta, a tsaya shari'ar wanda ya fasa tulu? Ka ba da umarni a yanke igiyar nan. In mun rayu, sai a dawo a yi marin har goma."

Fadawa suka amsa wa Galadima, "Gaskiya Babba! Gaskiya Daudu!"

Sarki bai motsa ba. Ya dubi alƙali. "Malam?"

Malam Ɗahiru ɗan ƙaramin mutum ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya gyara zama a hankali kamar ba yaƙi a ƙofa. "Allah ya taimaki sarki. Wuƙa tana hannunka, igiya ba ta da ƙarfi. In ka yanke ba mai hana ka. Ni dai ba zan kwance ba, don ba igiyata ba ce. Haƙƙin Nomau ne aka ɗaure a wurin."

"To a tuɓe Ƙosau," in ji Galadima. "A naɗa wani Madawakin yanzu, a ba shi kugen."

"Ko ka naɗa Madawaki goma, Galadima, kuncin Nomau guda ne, kuma ba a biya shi ba."

Galadima ya buga tafin hannunsa a ƙasa. "Saboda maƙeri birni zai faɗi!"

Sai sarki ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, har sai da masu nesa suka miƙa wuya. "Galadima, wa ya ɗora ni a kan gadon nan?"

"Allah, ranka ya daɗe."

"Ta bakin wa?"

Sarki ya nuna alƙali.

"Ta bakin wannan tsohon," in ji sarki. "Ban fi Bagudu ƙarfi ba, ban fi shi dawaki ba. Abu ɗaya ya raba mu: alƙali ya yi hukunci, ni na ce na ji, shi ya ce bai ji ba. In na yanke igiyar nan yau, na shaida wa duniya hukuncin alƙali abin bi ne sai in bai matse ba. To da wane baki zan ce wana ɗan tawaye ne? Gara in buɗe masa ƙofa in kai masa alkyabba da hannuna." Ya numfasa. "Ba zan yanke ba."

Ba wanda ya waiwayi bakin ƙofa, amma Ƙosau ya ji idanunsu duka a jikinsa. Ya dubi takalman da ke gefensa. Shekara ashirin yana yaƙi saboda birnin nan, tabon mashi bakwai a jikinsa, duk a gaba. Ya san ganuwa taku-taku. Ya san dogari ɗari biyu ba za su riƙe ƙofa shida har la'asar ba. Ya san kuma abin da mayaƙan haya ke yi in sun shiga gari, don ya taɓa shiga garin wasu.

Ya miƙe. Doka ba ta ba shi bakin magana da sarki ba, don haka alƙali ya fuskanta.

"Allah gafarta Malam. Na zo."

"Ka zo me?"

"Na zo in biya. A kira Nomau."

Wasu suka yi hamdala. Amma alƙali bai yi murmushi ba. Ya juya wurin muhutinsa, Malam Ilu, wani dogo siriri da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. "Gaya masa."

"Nomau ba ya birni," in ji Ilu. "Ya jira kwana talatin. Kullum da safe ya zo zauren Malam ya zauna, da yamma ya koma. Ranar talatin da ɗaya ya kashe wutarsa, ya ɗora zugazugi a jaki, ya ce zai je inda talaka ke da kunci. Maƙera goma sha ɗaya suka bi shi. Hayaƙin da kuke gani a tsallaken kogi, rabinsa nasu ne. Kibau suke ƙera wa Ciroma."

Galadima ya dafe kai. "Shi ke nan. Mun mutu."

Ƙosau ya kwance ɗamararsa, ya cire wuƙar da ke damtsensa, ya ajiye su a kan takalman.

"Malam, hukuncinka ya ce sai a cikin birni?"

"A bainar jama'a na ce. Ban ambaci wuri ba."

"In ka gani da idonka, kana bukatar muhuti ya dawo ya shaida?"

"Idona ɗaya ne, shi ma ba ya kai nesa. Amma adilai biyu masu gani sun isa."

"To ka hau ganuwar yamma da kugen. Ka tafi da masu ido."

Suka fita su biyu da rana tsaka, a ƙasa, Ilu a gaba riƙe da kandirin alƙali. Mai kandiri ba a harbinsa, ko a yaƙi. Kogin ya janye saboda rani, mashigin bai wuce gwiwa ba. Suna cikin ruwa Ilu ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Sau uku na zo ƙofarka, Goje. Tafiyar ba ta kai wannan nisa ba."

"Yi tafiyarka, Malam."

'Yan sintiri suka kewaye su, suka kai su gaban Ciroma. Yana zaune a ƙarƙashin gawo a kan buzu, ya yi ƙiba, gemunsa ya yi furfura. Da ya gane wanda aka kawo masa sai ya yi dariya har yana tari.

"Ƙosau! Goje gaban gayya! Ina gayyar? Ko ƙanena ya aiko ka da mabuɗan ƙofa?"

"Ba wurinka na zo ba, ɗan sarki. Ina da shari'a da wani a sansaninka."

Ilu ya daki ƙasa da kandiri, ya faɗi hukuncin da ƙarfi, kalma-kalma. Ciroma ya saurara yana shafa gemu, idonsa na ƙyalli. Ya sa aka kira Nomau.

Maƙerin ya zo da walkinsa na fata, gajere, ƙirji kamar turmi, 'ya'yansa biyu a bayansa. Ya dubi Ƙosau, bai gaishe shi ba.

"Kun ɗauka ni yaro ne," in ji Ciroma. "A yi mari, muhuti ya koma ya shaida, a kwance kuge. Na san dokar gidanmu. To za a yi marin, don na daɗe ban yi kallo ba. Amma muhuti baƙona ne sai na shiga birni. Ba shaida, ba kwance igiya. Kai kuma, Madawaki, in an gama da kuncinka sai a ga wuyanka."

Ƙosau ya san Bagudu tun suna yara suna hawan jakunan fatake. Bagudu bai taɓa cin nasara a ɓoye ya ji daɗinta ba. Ƙosau ya sunkuyar da kai, ya rage murya.

"Alfarma ɗaya nake roƙo, ɗan sarki, don gishirin ubanka da na ci. A yi a nan, bayan bukkoki. Matana da 'ya'yana suna kan ganuwa. Kada su gani."

Bai yi wahalar sa muryarsa ta yi rawa ba. Rabin roƙon gaskiya ne.

Ciroma ya miƙe, fuskarsa ta cika da murna. "Kun ji? Goje na roƙo!" Ya nuna tudun da ke bakin kogi, wanda ke fuskantar ganuwa, ba itace ko ɗaya a kansa. "Can za a yi. A cire masa rawani. A buga ganguna, mutanen birni su leƙo. Ƙanena ya ga abin da ya rage na takobinsa."

Suka hau tudun. Rana ta daki kan Ƙosau, wanda ba a taɓa gani a buɗe ba tun naɗinsa. Daga nan ganuwa na nan baro-baro, ta yi baƙi da mutane. Gangunan Ciroma sun kira kowa. A bayansa kuma dubban mayaƙa na ihu suna yi masa waƙar zambo.

Ya durƙusa, don maƙerin bai kai shi tsawo ba.

Nomau ya tsaya a gabansa. "Kwana talatin na jira ka."

"Na sani."

"Ɗana ƙarami bai ƙara dubana a ido ba tun ranar."

"To ya duba yanzu."

"Ba zan yafe ba, Madawaki. Kada ka zaci durƙuson nan zai sa."

"Ban zo neman yafiya ba. Wane ɓangare na mare ka?"

"Hagu."

Ƙosau ya juya masa kuncin hagu.

Hannun da ya yi shekara talatin yana ɗaga masaba ya sauka. Ƙosau ya ga fari, sa'an nan baƙi. Da ganinsa ya dawo, yana dafe da ƙasa da hannu biyu, bakinsa cike da jini, haƙori guda a kan harshensa. Ya tofar. Sansani ya ɗauki sowa.

Ilu ya ɗaga kandiri sama. "An biya!" ya ce, da muryar da ba a san yana da ita ba. "Nomau, saura wani haƙƙi?"

"Babu," in ji maƙerin. Yana kallon tafin hannunsa.

Ciroma ya hawo tudun yana tafi. "Madalla, Sarkin Maƙeran gobe! To, a ɗaure min shi. A kawo hauni."

Suka ɗaure hannuwan Ƙosau ta baya. Kunnensa na hagu ya toshe, sai wani amo ke yawo a cikinsa. Da farko ya zaci amon marin ne. Sai ya ga masu gangunan sun tsaya ɗaya bayan ɗaya, sun juya wajen birni.

Kuge ne.

Sautin ya tsallako kogi, siriri, mai kaifi, baki biyu suna amsa wa juna. Ko wane ne ke bugawa bai iya ba, yana gaggawa, yana tsallake bugu na uku. Ƙosau ya yi dariya, jini na bin gemunsa.

Murmushin Ciroma ya daskare. Ya dubi ganuwa, ya dubi tudun da shi da bakinsa ya zaɓa. "Ba shaida..." ya fara.

"Birni guda ka ba Malam, ɗan sarki," in ji Ilu. "Biyu kawai ya nema."

Ƙofar Yamma ta buɗe. Mutanen da suka yini zaune kusa da dawakinsu ba su bukaci a shirya su ba. 'Yan lifidi suka fito a gaba, barade a bayansu, 'yan baka suka bazu a gaɓar kogi kamar fari. Mayaƙan Ciroma kuwa duk sun baro makamansu a bukkoki sun zo kallon mari. Suka juya a guje suna ture juna, wannan na neman sirdi, wancan na neman kwari.

"Ku kashe shi!" Ciroma ya daka tsawa yana nuna Ƙosau. "Ku sare kansa ku jefa musu!"

Hauni ya zare takobi ya taho. Nomau ya shiga tsakani, masaba a hannu. 'Ya'yansa suka tsaya a gefensa. Maƙeran nan goma sha ɗaya da yaransu, da suka hau tudu don ganin an rama wa ɗan'uwansu, suka zagaye Madawaki da guduma da awartaki.

"Mari ɗaya alƙali ya yanke," in ji Nomau. "An biya. Wanda zai ƙara, sai ya kawo nasa hukuncin."

Hauni ya dubi masabar, ya dubi dawakin da suka riga suka shiga ruwa har ƙirji suna watsa shi sama. Ya ja da baya. Ciroma ya zagi uwar kowa, ya tattara riga ya gangara wajen dokinsa. Ilu ya bi shi da ido, ya gyara riƙon kandiri.

"Akwai kiran alƙali a kansa shi ma," ya ce. "Shekara tara ina ajiye da shi." Ya gangara a bayansa, ba ya sauri.

A ƙasa an gwabza. 'Yan lifidin Gawasa sun fasa gaban sansani kamar an saka gatari a kabewa, kibau na sauka a kan masu gudu. Ƙosau ya hango tutar sarki a tsakiyar mashigi, sai ya gane wanda ke buga kugen da hannun da bai saba ba: sarki ne da kansa.

Nomau ya yanke igiyar hannun Ƙosau. Ya yi wa babban ɗansa alama, yaron ya ruga, ya dawo da wani abu dogo naɗe cikin fata. Maƙerin ya warware.

Takobin Ƙosau ne, wanda ya jefar a maƙera ranar kasuwa. An daidaita bakinsa, an sake masa ƙota, yana ɗaukar ido.

Ƙosau ya dube shi, ya dubi maƙerin. Kuncinsa ya kumbura har maganar ba ta fita sosai. "Ka gyara shi?"

"Aikin da aka kawo min ba na barinsa." Nomau ya miƙa masa ta ƙota. "Cewa na yi ka jira in gama garmar. Na gama."

Madawaki ya karɓa da hannu biyu. Ya gangara tudun ba rawani, ba doki, ya nufi inda kugen ke kira.